Ranar da Na Kwance Hannun Inna a Ruwais

Na haura shekara ashirin ina aikin jinya, rabi a gida Najeriya, rabi a nan Jidda. Abubuwan da idona ya gani ba su ƙirguwa, da yawa ma sun shige kamar ba a yi ba. Amma akwai wani mako guda da na tabbata ko tsufa ya kwashe mini komai, shi kam zai bar mini shi. Makon da aka ɗaure ni a kan kujera ranar Asabar, ni kuma na kwance wata tsohuwa ranar Talata.

Kamfanin da ya kawo ni Jidda ba asibiti ba ne. Namu aikin shi ne bin marasa lafiya gida-gida: tsofaffin da ba sa iya tashi, masu shanyewar ɓarin jiki, masu ciwon suga da gyambo ya kama, waɗanda aka sallamo daga asibiti amma jinya ba ta ƙare ba. Da sassafe motar kamfani za ta ɗauke mu daga gidan da aka ba mu a unguwar Safa, kowacce da jakarta da jerin gidajen da za ta shiga. A ƙasar nan kuma doka ce, ma'aikacin lafiya ba ya sabunta lasisinsa sai ya nuna ya halarci darussan ƙaro ilimi. In babu lasisi babu aiki, in babu aiki iƙama, wato takardar izinin zama, ta tafi, tunda kamfanin shi ne kafilinmu, mai tsaya mana a wurin hukuma. Don haka duk bayan 'yan watanni sai a tara mu bita, a kan dokokin aiki da yadda ake kula da majinyaci a gidansa.

Ba zan ɓoye muku ba, a lokacin ba abin da na tsana kamar wannan bita. Ranar hutuna ake cinye mini. Ni da na karɓi haihuwa da hasken tocila a asibitin karkara, ni da na yi dare ɗaya da majinyata talatin ni kaɗai, wai ni za a zaunar ana nuna mini yadda ake cike fom. Nakan zauna can baya, in sa hannu a takardar halarta, in buɗe waya ina hira da 'ya'yana da ke Gusau har a tashi.

Wannan Asabar ɗin, wadda ta zo koyar da mu wata 'yar ƙasar ce, siririya, mai magana a hankali. Da na dube ta sai na ce a raina wannan ai sa'ar 'yata ta fari ce. Darasin kuwa a kan ɗaure majinyaci ne, wato ɗaure masa hannu ko ƙafa a jikin gado don kada ya fizge roba ko ya faɗo. Ta nemi wadda za ta fito a gwada da ita, ba wadda ta tashi. Sai ta hango ni kaina a sunkuye a kan waya.

"Sista, ke da ke can baya, taimaka mana mana," in ji ta da Larabci.

Na fito ina murmushin da bai kai ciki ba. Ta zaunar da ni, ta ɗauko bandeji mai laushi ta ɗaure hannuwana biyu a hannun kujera. Sannan ta zagaya bayana ta jefa ƙwallon dabino tsakanin bayana da kujerar, daidai ƙashin baya, ba wanda ya gani. Ta ce daga yanzu ni majinyaciya ce da ciwo ya ɗauke wa magana, ba ni da ikon furta kalma ko ɗaya, sai dai nishi. Sauran kuma su gano abin da ke damuna.

Da farko dariya ake yi, har da ni. Wata ta kawo mini ruwa, wata ta gyara mini ɗankwali, wata tana shafa kaina tana cewa, "Halas Mama, halas," wato shi ke nan, ya isa. Ƙwallon nan kuwa yana nan yana cin bayana. Na karkata, ya bi ni. Na yi nishi ina nuni da ido, suka ce wai banɗaki nake so. Kafin minti biyar dariya ta bar fuskata. Zuciyata ta fara bugawa, gumi ya karyo mini duk da sanyin ɗakin, na fara fizgar bandejin da gaske. Ban san lokacin da na yi wata irin ƙara ba.

Malamar ta juya ga sauran ta ce, "To, ku ɗauki biro ku rubuta: majinyaciya ta rikice, tana ihu, ba ta ba da haɗin kai. Haka muke rubutawa, ko ba haka ba?"

Ta kwance ni, ta ɗaga ƙwallon dabinon ta nuna musu. Ta ce mutum ba ya fizge-fizge a banza, akwai abin da ke sukarsa, aikinmu shi ne mu nemo shi kafin mu nemi igiya. Ta ce ba a ɗaure majinyaci sai likita ya gan shi ya rubuta izini, shi ma na ɗan lokaci, ana dubawa ana sassautawa. In kuwa muka shiga gida muka tarar an ɗaure shi ba da izini ba, ko da 'ya'yan cikinsa ne suka ɗaure, wajibi ne mu rubuta rahoto a ranar. Duk wannan yana cikin littafin dokokin da aka ba ni tun zuwana. Na sa hannu cewa na karanta, amma ban taɓa jin sa a jikina ba sai ranar. Na koma gida ina jin haushinta, ina cewa yarinya ta mai da ni abin wasa a gaban mutane.

Ranar Talata aka sauya mana jadawali. Abokiyar ɗakina, wata 'yar Filifin mai kirki da muka shekara uku muna cin abinci a faranti ɗaya, an tura ta wata unguwa, ni kuma aka ba ni ɗaya daga cikin gidajenta a unguwar Ruwais. A cikin mota na buɗe fayil ɗin. Tsohuwa ce mai kimanin shekara tamanin, 'yar ƙasa, ɓarin jikinta na dama ya shanye wata huɗu da suka wuce, an sa mata robar fitsari. A ƙasa an rubuta: ta ruɗe, maganarta ba ta da ma'ana.

Gidan yana cikin wani lungu da mota ba ta shiga, tsohon gini mai hawa biyu, ruwan na'urar sanyaya ɗaki yana ɗiga a bango, iskar teku mai ɗanɗanon gishiri tana bin lungun. Babban ɗanta ne ya buɗe mini, dattijo mai furfura a gemu, cikin farar jallabiya, baƙi kamar ni. Da Larabci muka gaisa. A bakin ƙofa na ga wata jakar kaya an ɗaure ta da igiya, a gefenta wata mata 'yar Habasha tana tsaye, mace babba, idonta ya kumbura. Ita ce mai kula da tsohuwar.

Tun a matattakala ya fara yi mini bayani. Ya ce kusan mako biyu ke nan mahaifiyarsu ba ta barci, ba ta barin kowa ya yi. Kalma ɗaya take ta maimaitawa: mara, mara. A Larabcin mutanen Jidda kuwa, mara na nufin mace. Kuma ihun ya fi tsanani in mai aiki ta zo juya ta ko sauya mata zane. Sai suka ce lalle matar nan tana cutar da ita in ba kowa, suka sallame ta, suka kawo wannan. Ihu bai tsaya ba. Suka kawo malami ya yi ruƙiyya, ko wata mace take gani wadda su ba sa gani. Nan ma ba a dace ba. Yanzu sun yanke shawarar sallamar wannan ita ma.

"Abin da nake so, Sista, ki gaya wa likita ya ƙara mata maganin barci," ya ce. "Wallahi mun gaji, ita ma ta gaji."

Na shiga ɗakin. Zarnin fitsari ne ya fara tarbata. Tana kwance a gadon asibiti, 'yar ƙarama, ta rame, tsagar gado a kumatunta ta dushe da tsufa amma tana nan. Hannun dama yana kwance kamar ba nata ba. Na hagu, mai lafiyar, an ɗaure shi da yankin gyale a jikin ƙarfen gado, tana ta jan sa tana sakewa. Bayana ya amsa nan take, daidai inda ƙwallon dabinon nan ya ci ni.

Na yi mata sallama da Larabci, na tambaye ta jiki. Ba ta ko dube ni ba. Na sunkuya ina ɗora mata abin awon jini, kunnena kusa da bakinta, sai na ji ta, da harshen da ciwo ya karkatar:

"Wayyo Allah, marata. Wayyo inna, marata."

Tsikar jikina ta tashi. Na saki abin awon. Na ce, "Sannu Inna. Sannu. Marar ce ke miki ciwo?"

Hannun da ke fizga ya tsaya cak. Ta juyo da idonta a hankali ta kafe ni da su, kamar wadda aka taso daga wani dogon mafarki. Ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Ke ɗiyar wa ce?"

"Ɗiyarki ce, Inna. Daga Gusau nike."

Sai hawaye. Ta ce, "Kwance ni, ɗiyata. Fitsari ya ƙi. Ina ta faɗi, ba mai ji."

Na juya na dubi ɗan. Ya dafa ƙofa, bakinsa a buɗe. Ya ce, "Inti Hausawiyya?" wato ke Bahaushiya ce? Na ce ƙwarai kuwa. Sai ya karya harshe ya koma Hausa, irin Hausar waɗanda aka haifa a nan, rabi da rabi. "Ni ina ji Hausa, bas shwayya. Ruwa, abinci, zo, tafi. Ummi ba ta yi Hausa da mu tun Baba ya rasu. Mara yaʿni me?" Wato kaɗan yake ji, yana tambayar me mara ke nufi.

Na nuna masa ƙasan cibiyata. Na ce nan ne mara, inda fitsari ke taruwa. Ba wata mace take kira ba, ciwonta take faɗa. Ba laifinsa ba ne, wace uwa ce Bahaushiya za ta ambaci mararta a gaban ɗanta namiji? Daga baya likita ya bayyana mana cewa irin wannan ciwo yakan share harshen da mutum ya koya daga baya, ya bar masa wanda ya sha a nono. Larabcin da ta yi shekara saba'in tana yi ya tafi, Hausar ƙuruciyarta ta dawo.

Na kai hannu zan kwance gyalen, ya ce kada in yi, za ta fizge robar, ta taɓa gwadawa. Na ce, "Alhaji, za ta fizge ne don ita ce ke cutar da ita. Bar ni da ita." Na kwance. Wuyan hannun ya yi ja, fata ta saluɓe a wuri biyu. Ba ta kai hannun ga robar ba. Hannuna ta kama ta riƙe gam.

Na roƙi ɗan ya ba mu wuri, na kira 'yar Habashar ta shigo. Na yaye zanen. Marar ta kumbura ta yi tauri kamar an cusa ƙwarya, ina taɓawa ta yi ƙara. Jakar fitsarin kusan babu komai, ɗan abin da ke ciki ya yi duhu da gurɓata, katifa kuwa a jiƙe, alamar yana tsiyayowa ta gefe kaɗan-kaɗan. Ga zazzaɓi. Robar ta toshe. Shi ya sa duk lokacin da mai aiki ta juya ta ihun ke ƙaruwa, nauyi ne ke hawa kan marar.

Da a da ne, da tuni na sa safar hannu na fara aiki, in ya so a yi bayani daga baya. Ranar sai na tsaya na kira likitanmu, na faɗa masa abin da na gani ɗaya bayan ɗaya, ya ba ni izinin sauya robar, ya ce in ɗebi fitsarin don gwaji, shi ma yana tafe. Sannan na durƙusa na ce, "Inna, zan cire wagga roba in sa miki sabuwa. Za ki ji zafi kaɗan. Kin yarda?" Ta ce, "Yi, Allah shi miki albarka." Wata huɗu ana yi mata abubuwa a jiki, ina jin ranar ce farkon da aka tambaye ta.

Sabuwar roba na shiga, fitsari ya ɓalle. Muna kallo jaka tana cika, muna kallo fuskar tsohuwar tana sakewa, goshin da ya tattare yana miƙewa. Ta yi wata doguwar ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdu lillahi." Kafin mu gama sauya zanen gado barci ya ɗauke ta, ba ƙwaya ba allura, hannunta a sake a kan ƙirjinta.

Da na yi wa 'yar Habashar bayanin abin da mara ke nufi, sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale. Ta ce tana da 'ya'ya huɗu a gida, ba ta taɓa ɗaga wa tsoho hannu ba, amma kwana tara ana kallonta kamar muguwa. Ɗan yana tsaye a bakin ƙofa yana ji. Ya sauka ƙasa, sai ga shi ya hawo da jakarta a kafaɗarsa, ya kai ta ɗakinta da kansa, ya dawo ya ce mata, "Samihini," wato ki yafe mini.

Na fita daga gidan nan kamar ba ƙasa nake takawa ba. Amma ina shiga mota na sake buɗe fayil ɗin, sai murnar ta koma ciki. Ranar da ya kamata a sauya robar ta wuce da kusan mako uku. Kuma sau biyu abokiyar ɗakina ta rubuta da hannunta cewa iyali sun ɗaure hannun majinyaciya. Babu izinin likita, babu rahoto.

Na tarar da shugaban sashenmu a ofis bayan la'asar. Labari ya riga ni isa, ɗan tsohuwar ya kira yana ta godiya. Ya tarbe ni da fara'a, har da shayi. Da na ce zan cike fom ɗin rahoto, sai fara'ar ta ragu.

"Halas, Sista, ai kin gyara. Majinyaciya ta samu sauƙi, iyali suna murna. Rahoton na mene ne kuma?"

Na ce doka ce, ranar Asabar ɗin nan aka maimaita mana ita, kuma kamfani ne ya kawo malamar.

Ya ce ya sani. Amma irin wannan takarda in ta shiga fayil ba ta fita, masu duba aiki daga hukuma suna zuwa su gani, kuma ƙawata ce za ta kwana a ciki. Sannan ya ɗan juya kofinsa ya ce, kamar mai tuna wani abu daban, "Iƙamarki wata biyu ta rage, ko?"

Na karɓi fom ɗin na tafi da shi gida. Na tarar da ita tana dafa shinkafa. Na zaunar da ita na faɗa mata komai, don ban yarda ta ji a bakin wani ba. Ta yi kuka. Ta ce gida goma sha ɗaya ake ba ta a rana, ta nemi roba mai girman da tsohuwar ke amfani da shi aka ce ta ƙare a sito, ta yi niyyar sake tambaya ta manta. Ɗaurin kuwa, ta ce, "Wace ce a cikinmu ba ta taɓa gani ta kau da kai ba? Ke ba ki taɓa ba?"

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Na taɓa, ba sau ɗaya ba. Na shiga gidaje na ga tsoho a ɗaure, na ce ai 'ya'yansa ne, sun fi ni sanin ubansu, na yi allurata na fita.

Ta ce, "In kin rubuta, za su mai da ni gida."

Na ce, "In ban rubuta ba, gobe wata tsohuwar ce, kuma ba lalle a dace da mai jin yarenta ba."

Bayan magariba na zauna na cike shi. Na rubuta abin da na tarar, na rubuta ranar da ta wuce ba a sauya roba ba, na rubuta yawan gidajen da ake ɗora wa nas ɗaya, da kayan da suka ƙare a sito. A layin ƙarshe na rubuta cewa ni ma na sha ganin majinyata a ɗaure ban kai rahoto ba, kuma a shirye nake in faɗi gidajen. Ina rubutawa ina tuna 'ya'yana uku da ke makaranta da aikin nan. Da safe na miƙa shi, na sa aka buga mini hatimin karɓa.

Kwana goma ba ta yi mini magana ba. Ɗaki ɗaya, kowa da farantinsa. Shugaban sashe ma in mun haɗu sai ya duba wayarsa. Ran na goma sha ɗaya aka kira mu taro, ni da ita, da shi, da babban likitan kamfani. Ina shiga na ga malamar nan tamu zaune da rahotona a gabanta, ta ja layi a wurare da jan biro. Ashe duk rahoton da ya shafi ɗaure majinyaci sai ya bi ta teburinta.

Ita ta fara magana, da muryar nan tata mai sanyi. Ta ce ta karanta rahoton sau uku. Ta ce wanda ya nemi mutum ɗaya da zai ɗora wa laifi a cikin takardar nan bai fahimce ta ba, domin takardar ta nuna ramuka ne a aikin kamfani gaba ɗaya, kuma gara su gani da kansu da a ce wani ya zo ya gano musu bayan an yi asarar rai. Babban likita ya tambaye ni gidajen da na ambata, na lissafa masa. A makon aka bi su duka.

Ba a kori ƙawata ba. An ba ta takardar gargaɗi, aka sa ta maimaita darasin, aka rage wa kowaccenmu gidaje. Aka sa wata takarda a jikin gadon duk mai roba, da ranar sauyi a rubuce da manyan baƙaƙe. A fom ɗin karɓar sabon majinyaci kuma aka ƙara tambayar da ba ta nan a da: wane harshe ya fara ji a duniya? Iƙamata ta fito a kan lokacinta. Ranar da ƙawata ta dawo daga maimaita darasin, ta shigo ɗaki tana murza wuyan hannunta, ta dube ni ta ce, "Ni ma ta ɗaure ni." Muka fashe da dariya, daga nan muka koma faranti ɗaya.

Gidan Ruwais kuwa aka bar mini shi. Zazzaɓin ya sauka da magani, Inna ta fara cin abinci. Sau biyu a mako nake zuwa, in na gama aiki sai ta riƙe mini riga ta ce in zauna. Ta ba ni labarin yadda ta baro wani ƙauye a ƙasar Sakkwato tana 'yar shekara bakwai, ita da iyayenta, suka bi ta Sudan, wani wuri a mota wani wuri a ƙafa, suna tsayawa noma a hanya, har suka tsallako teku. Uwarta ba ta iso ba. 'Ya'yanta ba su taɓa jin wannan labari da tsawonsa ba, sai ga su suna zagaye gadon ina mayar musu da Larabci, babbar 'yarta tana share hawaye da gefen mayafi.

Wata rana na zo na tarar ɗan ya manna farar takarda a bango saitin kanta. Ya ce in faɗa masa kalmomi ya rubuta da baƙaƙen Larabci. Muka yi ta yi: zafi, sanyi, ƙishirwa, ƙaiƙayi, juya ni, ɗaga ni, ya isa. Dattijo mai jikoki, yana ta fama da ƙ da ɗ kamar ɗan aji ɗaya. Ya matsa kusa da ita ya ce, "Ummi, ina yake ciwo?" Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Yau ka tuna kai Bahaushe ne?" Har 'yar Habashar sai da ta koyi kalmomin, ta ma riga shi.

Abu ɗaya ne bai gyaru ba. Matar farko da aka sallama bisa zargi, ɗan ya yi ta nemanta don ya roƙi gafara, aka ce ta riga ta koma ƙasarsu. Ba a same ta ba. Har yau ina tuna ta.

Inna ta ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni. Ta rasu wata safiyar Juma'a, 'ya'yanta a kanta, kuma ba a sake ɗaure ta ba ko sau ɗaya. Da na je ta'aziyya, babbar 'yar ta kama hannuna ta shiga da ni cikin mata tana cewa, "Ga wadda ta dawo mana da uwarmu." Na sha yabo a wurin aiki, amma ban taɓa jin wanda ya cika mini ƙirji kamar wannan ba.

Bayan nan malamar ta nemi in riƙa taya ta koyarwa, yanzu ma ni ke ɗaukar sababbin ma'aikata wannan darasi. Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, daɗewa a aiki tana sa hannu ya ƙware, amma tana sa ido ya saba da abin da bai kamata ya saba da shi ba, sai an samu mai tsayar da kai ya sake nuna maka. Dokokin nan da muke gani kamar takura, kowacce an rubuta ta ne saboda wani bawan Allah da ke kwance ba ya iya kare kansa. Ni dai tun daga lokacin, duk majinyacin da na tarar yana ihu, ba na fara tambayar me za a ba shi ya yi shiru. Kujera nake jawowa in zauna, in kai kunnena kusa da bakinsa, in saurari abin da yake faɗa.